Ku Bar Baba Ya Taka da Ƙafarsa

A gidajenmu na Kebbi, da zarar mutum ya manyanta, 'ya'ya suka tasa, abu na farko da ake yi masa shi ne a karɓe masa aiki. Gona ta koma hannun yara. Buta jika ke kawowa har bakin tabarma. Kasuwar da ya saba zuwa da ƙafa, yanzu sai a tsayar masa da ɗan kabu-kabu. Tsohuwa kuwa ko tsintsiya ta ɗauka sai surukarta ta taso: "Haba Inna, kawo. Muna gidan za ki yi shara?" Wannan ladabi ne, ba mai cewa a daina. Sai dai mu da ke zagaya unguwanni kan aikin lafiya muna ganin inda hutun ke kaiwa in ya yi yawa. Ƙafa ta yi nauyi, hira ta ragu, wata rana a ji Baba yana tambayar abin da aka gaya masa ɗazun nan.

Gigin tsufa ba dole ba ne ga duk wanda ya tsufa. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Har yau babu maganin da ke warkar da shi, shi ya sa aka fi ba rigakafi ƙarfi. A 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na masu ciwon. A ciki akwai rashin motsa jiki, hawan jini, ciwon suga, kaɗaici, raunin ji da na gani, da shan taba.

Ƙwaƙwalwa da jini take rayuwa. Tafiya tana taimakawa wajen saukar da hawan jini da suga, waɗanda su ke lalata ƙananan jijiyoyin da ke kai mata jinin. Wani bincike da aka buga a 2022 kan mutane sama da 78,000 a Birtaniya ya gano cewa masu yin taku kusan 3,800 a rana haɗarin gigin tsufa ya ragu musu da kusan kashi 25 cikin 100. Wannan ba alkawari ba ne cewa mai tafiya ya tsira, amma takun bai fi ƙarfin dattijo mai lafiya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba masu shekara 65 zuwa sama shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar.

Ni dai ban ga abin da ya kai zuwa masallaci ba. Dattijo ya miƙe, ya yi alwala, ya taka, a hanya ya gaisa da maƙwabci, ya tambayi mai jiki, bayan sallah ya tsaya a ji yadda shinkafar fadama ta yi bana. Ƙafa ta yi aiki, baki ya yi, tunani ya yi. Haka ranar kasuwar Jega ko Argungu: ya taya, ya yi ciniki, ya ƙirga canjinsa da kansa. Iyayenmu mata ne abin ya fi ci, domin su sukan wuni a ɗaki ba wanda ya lura. Ku bar wa Inna awakinta ta ba su dusa, ta tsince shinkafa, ta je barka da gaisuwa, ta je Islamiyya.

Zafin Maris zuwa Mayu ba abin wasa ba ne, don haka a fita bayan Asuba ko bayan La'asar, a sha ruwa. A ba shi sanda da takalmi mai kama ƙafa. A kankare gansakukar wurin alwala da ta banɗaki, domin faɗuwa ɗaya kan kwantar da tsoho watanni. Wanda ya daina fita, a bincika dalili: sau da yawa yanar ido ce, ko gwiwa, ko kunne, kuma asibiti na iya taimakawa. A riƙa auna masa jini. In tafiya ta zo da ciwon ƙirji, haki mai tsanani ko jiri, ya tsaya a kai shi a duba. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya, da karkacewar baki ko mutuwar hannu, ta gaggawa ce, ba a kwana da ita.

Wanda mantuwa ta riga ta kama, har yana ɓacewa a unguwa, kada a kulle shi a ɗaki, kada kuma a bari ana jifarsa da maita ko hauka. A haɗa shi da jika mai hankali su riƙa bin hanyar da ya saba, a sa masa takarda a aljihu mai sunan unguwa da lambar wayar ɗansa.