Waiwaye: Keken da Ba Shi da Dangi

Tun ranar da aka wayi gari aka ga kwaɗo a ƙofar tsohon shagon keken nan na wajen Tsohuwar Kasuwa, maganar ta ƙi mutuwa a Sakkwato. A majalisa, a teburin mai shayi, har a Facebook, kowa da inda yake ɗora laifi. Masu cewa tsadar dala ce sun fi yawa. Wasu sun ce kabu-kabu ne ya cinye kasuwar keke, wasu kuma suna ganin 'ya'yan yanzu ne ba su son gadon sana'ar da ke ɓata hannu da giris. Kowa da 'yar gaskiyarsa. Sai dai akwai tambayar da ban ji an amsa ba. Da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta haura 1,000. Mutanen da suka jingine keke shekara da shekaru suka kakkaɓe masa ƙura suka hau. To yaya aka yi shagon keke ya rufe a daidai lokacin da ake komawa keke?

Farkon labarin kowa ya san shi. A zamanin En'e keke abin hawan malamin makaranta ne da akawu da ɗan kasuwa mai rufin asiri, har lasin ake yankar masa. Raleigh na Ingila shi ne sarki, har masana'antar haɗa shi aka yi a Kano. Da Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967 ma'aikata suka ƙaru, kekuna suka ƙaru. Ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati da aka fi sani da Udoji, na tsakiyar shekarun 1970, ya ɗauke manyan ma'aikata zuwa Vespa da Honda, keke ya sauko hannun masinja da manomi. Daga 1986 darajar naira ta fara zubewa, Raleigh ya fi ƙarfin talaka, Phoenix na Sin da Hero da Avon na Indiya suka cike gurbin. Duk waɗannan guguwoyi sun wuce ta kan shagon, bai ko girgiza ba.

Dalilin da bai girgiza ba shi ne abin da ake tsallakewa a muhawarar nan. Mai shagon keke ba da sayar da sabon keke yake cin abinci ba. Sabo sai lokacin kaka, in manoma sun sayar da amfani, ko gab da Sallah. Cefanen kullum daga kayan gyara yake fitowa: taya, tif, sarƙa, feda, boris, robar birki, bawul, sholisho. Kuma duk kekunan da na lissafa, ko daga Nottingham suka fito ko Shanghai ko Ludhiana, 'yan gida ɗaya ne. Baƙin keke mai taya inci 28, birkin sandar ƙarfe, giya ɗaya tal, kariya a baya. Masu ƙera na Sin da na Indiya samfurin na Ingila suka bi, shi ya sa tayar Phoenix take shiga wilin Raleigh, sarƙar Hero take zama a kan Avon kamar don shi aka yi ta. A wancan lokacin, da kaya 'yan kala kaɗan a kan kanta, mutum zai iya gyara kusan duk keken da ke garin nan da ƙauyukan da ke kewaye. Ya saro dozin goma na abu ɗaya ya kwanta barci da daɗi, don ya san kafin wata ya mutu sun ƙare. Yaron shago kuwa keke ɗaya zai koya, ya warware shi ya mayar, shi ke nan ya iya duka.

Mai kawo albasa daga fadamar Kwalkwalawa, mai itace daga wajen Dange, mai tallan yadi da ke zaga kasuwannin Achida da Bodinga, duk wannan keken suke hawa. Suna ɗora masa kayan da ko jaki sai ya yi nishi, don haka duk mako akwai abin da zai karye. Karyewar nan ita ce albashin mai shago.

Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 sai kekunan gwanjo suka fara shigowa. Kwantena-kwantena ake zubo su ta Legas da Kwatano, waɗanda Turawa da Japanawa suka gama hawa. Babu wanda ya ɗauki abin a matsayin barazana, ni ma murna na yi. Ga launi, ga rashin nauyi, ga giya har 18 ko 21, ga sauƙin kuɗi. Wanda ya saba da baƙin keke in ya hau irin wannan ji yake kamar iska ke tura shi. Amma ba nan gizo ke saƙar ba. Kowane ɗaya da jikinsa daban. Wannan tayarsa inci 26, wancan 24, wani 27, na yara 20 da 16. Birkin waya ne, shi ma kala-kala. Ko bawul ɗin tif iri uku ne: irin namu na da mai 'yar roba a ciki, irin na mota, da wani siriri da famfon mai faci ba ya kama bakinsa. Giyar Shimano da ke jikin irin waɗannan kekuna in ta lanƙwashe, ba a daidaita ta da guduma.

Na taɓa kai wa tsohon mai shagon irin wannan keke, na ƙanena ne, giyar baya ta shige cikin wili ta murɗe. Ya juya keken ya kife shi a kan sirdi, ya sa tabarau, ya daɗe yana juya feda da hannu yana sauraro. Ya jawo wata tsohuwar gwangwanin madara cike da ƙusoshi da goro, ya zazzage a kan buhu, ya tona, ya mayar. Sannan ya ɗago ya ce, “Ɗana, wanga keke ba shi da dangi. In na ce ma gobe, ƙarya ni ka yi.” A bayansa kuwa tayoyin 28 ne a rataye jeri guda, sababbi fil, da takardarsu. A lokacin dariya na yi. Sai yanzu nake ganin a ranar ya gaya mini duk abin da ake gardama a kai yau.

Ka duba lissafin ta wajensa. In zai bi sabon yayi, sai ya ajiye taya kala shida, tif kala goma, wayar birki, robar birki iri-iri, giya ta gaba da ta baya, kuma bai san wanne za a nema ba. Jarin da ya ishi kala ɗaya sai ya rabu gida ashirin, kowane kaso ya kwanta wata da watanni. Roba kuwa ba ta jiran mai saye a garin da zafin bazara ke wuce digiri 40. In kuma ya tsaya kan abin da ya sani, masu irin kekensa kullum raguwa suke. Masu gwanjon ba su da wannan ciwon kai. Ba su biyan hayar shago, ba su ajiye kayan gyara. Su jera kekuna a bakin titi, a saya, a wuce. In ya lalace, a nemi mataccen ɗan'uwansa a ciro, in ba a samu ba a jefa shi kan rufin ɗaki. Keke ya tashi daga abin da uba ke bar wa ɗa, ya koma abin da ake saya wa yaro in ya yi sauka ko ya ci jarrabawa, ya hau shekara biyu ya gaji da shi.

Hayar keke ma nan ta mutu. Duk wanda ya tashi a garin nan kafin wannan zamani ya san yadda ake tara 'yan kwabbai a je a karɓi keke na ɗan lokaci, a koya ta ƙarƙashin sanda don ƙafa ba ta kai feda daga sirdi, a dawo da gwiwa a kurje. Kuɗin hayar kaɗan ne amma kullum ne, kuma a cikin yaran da ke zarya a ƙofar shagon ake samun wanda zai fara da miƙo sifana, ya koma faci, ya zama magaji. Da ƙaramin keken gwanjo ya shiga gidaje, zaryar ta tsaya. Don haka masu cewa yara sun ƙi gado, ni ina ganin hanyar da ke kawo su ce ta toshe.

Babur ya yi nasa, ban musa ba. Kabu-kabu ya ɗauke mai zuwa ofis da kasuwa, Jincheng mai araha ta zo a farkon shekarun 2000, Boxer ta biyo baya ta ɗauke buhunan albasar da keke ke ɗauka. Yaran da suka iya riƙe sifana suka koma gyaran babur inda kuɗin ya fi kauri. Amma babur ya tarar da shagon ne ya riga ya rame. Rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma na bayan juyin mulkin Nijar a 2023, ya rage 'yan sarin da ke zuwa ta Illela da Ƙonni. Dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, saro sabon kaya ya zama sai mai dogon hannu. Waɗannan su ake ta ambata don su ne na kusa, su ido ya gani.

Waɗanda tsadar fetur ta mayar kan keke kuwa sun zo shagon, na gan su da idona. Sai dai abin da suka turo gwanjo ne, mai giya, mai wayar birki da ta tsinke. Tsohon ya duba, ya girgiza kai, ya kwatanta musu wani yaro a bakin titi. A makon da ya kwashe kaya na bi ta wurin, na tarar da wani dattijo da ya turo Phoenix tun daga wajen Kware, da buhu ɗaure a kariya, yana neman taya 28. Mai shagon ya sauko masa da ɗaya daga cikin na ratayen nan, ya matsa ta da babban yatsa, duk gefenta ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Ya sauko da ta biyu, haka. A ta huɗu suka dace. Bai karɓi kuɗin ba, ya ma haɗa masa da gwangwanin boris ɗin da ya rage.