Lens "Mara Lamba": Me Ake Nufi?

Duk mai leƙa TikTok ko Instagram kwanan nan ya ji masu tallar lens na canza launin ido, wato ɗan faifan nan da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido, suna nanata magana ɗaya: "Wannan mara lamba ne, kowa zai iya sawa." Farkon maganar da ƙamshin gaskiya. Ƙarshenta ne ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Lambar da suke nufi ita ce ƙarfin gyaran gani: mai alamar ɗebewa ga wanda ba ya hangen nesa, mai alamar tarawa ga wanda na kusa ke ba wa wahala. In an rubuta 0.00, to ba ya gyara komai. Iyakarta ke nan.

Amma ɗauki kwalin ka juya shi. Za ka ga an rubuta, misali, BC 8.6 da DIA 14.2. Waɗannan ba lambobi ba ne? Ta farko lanƙwasar lens ɗin ce, ta biyu faɗinsa, duka a milimita, kuma idon kowa da irin lanƙwasarsa. Tantanin nan garai-garai da ke gaban ido ba shi da jijiyoyin jini, akasarin oksijin ɗinsa daga iska yake samu ta cikin hawaye. Lens ya matse, hawaye ba ya zagayawa a ƙarƙashinsa. Ya yi sako-sako, duk ƙiftawa sai ya zame yana gurzar ido. Shi ya sa likitan ido ke auna lanƙwasar, ya sa maka na gwaji, ya ce ka ƙifta, shi kuwa yana leƙen motsinsa ta na'ura. Mai talla a waya ta ina zai ga wannan? A Amurka tun 2005 doka ta sa lens na kwalliya cikin kayan asibiti, sai da takardar likita ake sayar da shi, ko da 0.00 ne.

Masu tabarau ma na da nasu kuskuren, sai su kwafe lambar tabarau su yi odar lens da ita. Tabarau yana nesa da ido da kamar milimita 12, lens kuwa a kan ido yake zaune. Da ƙarfi ya haura 4.00 tazarar nan na sauya lissafi: mai -8.00 a tabarau yakan dawo wajen -7.25 a lens. Takardar likitan kanta tana tsufa, domin ido na canzawa, don haka ake son a koma awo duk shekara, ko da gani bai ragu ba.