Cire tsofaffin littattafai daga laburaren makaranta: ɓarna ce ko gyara?

Makarantar da littattafanta ba su taka kara sun karya ba, me zai sa ta rage su kuma?

Domin ba kowane littafi da ke kan kanta ne yake amfanar yaro ba, wani ma cutar da shi yake yi. Ɗauki littafin labarin ƙasa da ke cewa jihohin Najeriya 19 ne, babban birninta Legas. A 1976 gaskiya ya faɗa. Amma gwamnati ta koma Abuja tun 1991, jihohi kuma sun zama 36 tun 1996. Yaron da ya haddace wancan ya shiga jarrabawa, faɗuwa zai yi, kuma ba laifinsa ba ne. Haka taswirar Afirka da babu Sudan ta Kudu, wadda ta samu 'yanci a 2011. Har yanzu za ka iya cin karo da littafin lissafi mai fam da sule, alhali naira ta shigo tun 1973.

To, duk littafin da ya tsufa sai a fitar da shi ke nan?

A'a, nan ne ma ake yawan yin kuskure. Kimiyya, kiwon lafiya, kwamfuta da labarin ƙasa su ne ke saurin tsufa. Adabi da tarihi ba haka suke ba. Littafin Hausa na zube ko na waƙa da aka buga a Zariya shekaru 60 da suka wuce, ko da takardarsa ta yi ja, wataƙila shi kaɗai ya rage a garin. Irin wannan a ɗinke shi, a sake masa bango, a ajiye shi inda ba a ba da aro. Ni dai na fi tsoron mai laburaren da ke duba shekarar bugu kawai, bai buɗe ciki ba.

Yaya ake gane wanda ya lalace har ba ya gyaruwa?

Bango da ya ɓalle ko shafi ɗaya da ya yage, gam da zare sun isa. Gara kuwa ba a wasa da ita. Za ka ɗaga littafi ka gan shi lafiya lau daga waje, kana buɗewa sai ƙasa ta zubo, ta cinye tsakiyar ta bar maka gefe. Shi da wanda ya sha ɗigar rufi da damina har ya yi fumfuna, a raba su da sauran nan take, don kuwa yaɗuwa suke yi.

Mai kula da laburare zai iya yanke hukunci shi kaɗai?

Bai kamata ba. Littafin dukiyar makaranta ce, da lambarsa a rajista. A kira malamin darasin ya duba, shugaban makaranta ya sa hannu, a rubuta dalilin cirewa a gaban lambar, a buga wa littafin hatimin cewa an cire shi. In ba haka ba, ranar da masu bincike suka zo, sai a ce ya sayar.

Ina ake kai waɗanda aka cire?

Mai kyau wanda ya fi ƙarfin ɗalibai, ko wanda kwafinsa ya yi yawa, a ba wata makarantar. Wanda bayaninsa ya zama kuskure kuwa, ba da shi kyauta tura matsala ce gidan maƙwabci. Sai a lura da littattafan addini masu ayoyin Alƙur'ani: ba a kai su bola, ba a barin su su faɗa hannun mai ƙosai ta naɗe kaya da su. Ƙonawa ake yi a wuri mai tsabta, ko a binne su inda ba a takawa.