Waiwaye: Yadda Masu Ƙasa A Ingila Suka Riƙa Ɗaure Gado

A shekarar 1605 wani babban mai ƙasa a arewacin Ingila, George Clifford, ya rasu ya bar 'ya ɗaya tal mai suna Anne, tana da shekara 15. Da aka buɗe wasiyya sai ga shi ya bar wa ƙanensa Francis gonaki da gidajen ganuwa duka, ita kuma ya yanka mata kuɗi. Anne ta ce atafau ƙasar tata ce, ta kafa hujja da wata tsohuwar takarda ta zamanin Sarki Edward na Biyu wadda ba ta bambanta ɗa namiji da 'ya mace ba. Mijinta ya matsa mata ta haƙura, Sarki James na Ɗaya da kansa ya sa baki, ta ƙi. Ba kotu ce ta ba ta ba a ƙarshe. Ɗan baffanta ne ya mutu babu ɗa namiji a 1643, ƙasar ta dawo hannunta bayan shekara 38 tana jira.

Wanda ya tashi yana ganin rabon gado a gaban alƙali, namiji kashi biyu mace kashi ɗaya, matar mamaci da tumuninta, wasiyya kuma ba ta haura sulusi, zai ji wannan labari banbaraƙwai. To su masu ƙasar Ingila, tun daga masu sarauta har zuwa attajiran karkara da ke cin kuɗin hayar gonaki ba tare da sun taɓa riƙe garma ba, abin da suka fi tsoro shi ne rabo. A wurinsu ƙasa ita ce suna, ita ce kujerar alƙalin gunduma, ita ce hanyar shiga majalisa. Gona mai eka dubu uku idan aka raba ta gida biyar, aka sake rabawa a zamanin jikoki, gidan ya mutu ke nan.

Tushen abin yana komawa bayan 1066, lokacin da Wiliyam na Normandi ya ci Ingila ya rarraba ƙasa ga jarumansa bisa sharaɗin su kawo masa mayaƙa. Ƙasar da za ta ɗauki nauyin barde da dokinsa ba a son ta tsattsage, don haka a hankali doka ta tsaya a kan cewa ɗan fari namiji ne ke ɗaukar ƙasa baki ɗaya. Idan babu namiji, 'ya'ya mata su raba daidai. Akwai wuraren da suka yi nasu daban: a yankin Kent 'ya'ya maza na rabawa, a wasu garuruwa ma auta ne magaji.

Amma ba wa ɗan fari komai bai kashe damuwar ba, domin ɗan fari na iya zama ɗan caca. Sai aka fito da ɗaurin gado: mutum ya ba da ƙasa ga wane da zuriyarsa, sau da yawa maza kaɗai, ta yadda kowane magaji ci kawai zai yi, ba shi da ikon sayarwa. Dokar 1285 ta ƙarfafa wannan ɗauri. Lauyoyi kuwa ba su yi barci ba. Kafin ƙarshen ƙarni na 15 sun gano hanyar kwance shi, kuma shari'ar da ake kira ta Taltarum a 1472 ita aka saba ambata a nan.

Hanyar wasan kwaikwayo ce zalla a gaban kotu. Mai ƙasa ya shirya da abokinsa, abokin ya kai ƙara cewa ƙasar tasa ce. Mai ƙasa ya ce ai wane ne ya ba shi tabbacin mallaka, a kira shi ya kare. Wanen nan galibi sanƙiran kotu ne, talaka tilis da aka ba 'yan kuɗi kaɗan. Ya bayyana, ya nemi izinin fita su yi shawara, ya ƙi dawowa. Alƙali ya ba mai ƙara ƙasa, ya kuma yanke cewa sanƙira ya biya zuriyar da wata ƙasa mai daraja ɗaya, alhali kowa ya san ko taki ɗaya ba shi da shi. Daga nan abokin ya mayar wa mai ƙasa kayansa babu ɗauri. Alƙalai sun san ƙarya ce, suka riƙa kau da kai shekaru aru-aru, sai a 1833 majalisa ta sauƙaƙa abin zuwa takarda ɗaya.

Dokar wasiyya ta 1540 ta ba mutane damar yin wasiyya da mafi yawan ƙasarsu, bayan 1660 kuma da dukkanta. Ke nan daga wannan lokaci ba doka ce ta tilasta wa kowa bai wa ɗan fari komai ba, sai in mutum ya mutu babu wasiyya. Iyalan ne da kansu suka zaɓi haka, suka kuma biya lauyoyi su ƙulla musu abin da ya fi na da ƙarfi.

Ƙullin da ya fito a tsakiyar ƙarni na 17, wanda ake danganta shi da lauya Orlando Bridgeman, shi ya riƙe gidajen nan fiye da shekara ɗari biyu. Dabarar ita ce a mayar da mai gida ɗan riƙo na tsawon rai kurum. Ɗaurin ya faɗa kan ɗansa, wanda sau da yawa ba a ma haife shi ba, a kuma naɗa amintattu su tsare haƙƙin yaron. Da yake kotu ba ta yarda a ɗaure ƙasa har abada ba, dole kowane zamani a sake ƙulli. Nan ne ciniki yake. Yaro ya cika shekara 21, ko zai yi aure. Shi kaɗai ba zai iya kwance ɗaurin sarai ba muddin uban na raye, kuma aljihunsa wayam, wataƙila ma da bashin tela da na caca a Landan. Uban shi ma yana son ikon ciyo bashi da ƙasar. Sai a zauna da lauya, uba da ɗa su kwance tsohon ɗauri tare, su ƙulla sabo: uba ya ci tsawon ransa, ɗa ya ci tsawon ransa, ɗaurin ya koma kan jikan da bai zo duniya ba. Ladan ɗan shi ne alawus na shekara tun daga ranar. Ya sayar da 'yancinsa na gobe don kuɗin kashewa na yau, kuma bayan shekara talatin shi zai zauna a kujerar uban ya yi wa nasa ɗan haka.

A cikin takardar nan ake rubuta rabon kowa. Amarya tana zuwa da kuɗi daga gidansu, a madadinsu a yi mata alkawarin abin da za ta riƙa karɓa duk shekara idan mijin ya riga ta mutuwa. A ƙarni na 18 abin da aka saba shi ne fam 100 a shekara kan kowane fam 1,000 da ta kawo. Akwai kuma ɗan abin kashewa da suke kira kuɗin allura, mai muhimmanci ƙwarai a lokacin da dukiyar matar aure ke zama ta miji a doka. Ranar da mai gida ya mutu, uwar gida ta tattara ta koma ƙaramin gida a gefen gandun, surukarta ta karɓi makullai.

'Yan mata da ƙanne maza kuwa dunƙulen kuɗi ake yanka musu, a ɗora nauyinsa a kan ƙasar. Na 'ya mace shi ke sama mata miji daidai da ita. Ƙane kuma a nema masa abin yi wanda ba zai zubar da girman gida ba: a saya masa muƙamin hafsa a soja, abin da aka yi ta yi har 1871, ko ya shiga sojan ruwa, ko aikin lauya, ko ya tafi Indiya neman arziki. Gidaje da yawa suna da ikon naɗa limamin cocin ƙauyensu, sai a ajiye wa ɗa na biyu ko na uku gurbin, ko yana da kishin addini ko babu.

Ina ganin a nan tsarin ya fara cin kansa. Magaji ya gaji ƙasa a dunƙule, gaskiya ne, amma ya gaje ta da alawus ɗin uwa, wani lokaci har da na kaka in ta yi tsawon rai, da kason ƙanne shida, ga shi ba shi da ikon sayar da ko eka ɗaya ya sauke nauyin. Jingina ta yi ta hawa kan jingina. Maganin da aka fi sani shi ne a auro 'yar attajirin birni. Idan kuma zuriyar maza ta yanke, a nemo ɗan uwa na nesa bisa sharaɗin ya ɗauki sunan gidan, kamar yadda Edward Austen ya koma Edward Knight a 1812 saboda gandun Godmersham da Chawton da ya gada.

Ƙididdigar masu ƙasa da gwamnati ta yi a 1873 ta nuna irin tasirin tsarin: mutane kimanin dubu bakwai ne ke riƙe da kusan kashi huɗu cikin biyar na ƙasar Birtaniya. Amma a daidai lokacin alkamar Amurka mai araha ta fara cika kasuwa, kuɗin haya ya faɗi warwas. Dokar 1882 ta ba ɗan riƙo ikon sayar da ƙasa, kuɗin su zauna hannun amintattu. A 1894 aka kawo sabon harajin mutuwa, wanda ake biya kan dukiyar da mamaci ya bari, mafi yawansa kashi 8 cikin ɗari, ya kai 40 a 1919, ya kai 80 a 1949. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cinye magada da dama, har wasu gidaje suka biya harajin sau biyu cikin 'yan shekaru. Dokar 1925 ta soke fifikon ɗan fari ga wanda ya mutu babu wasiyya, ta 1996 kuma ta hana ƙulla sabon ɗauri.

Tsofaffin ɗaure-ɗauren dai sun ci gaba da aikinsu. Marubuciya Vita Sackville-West ta tashi a katafaren gidan Knole da ke Kent, ita kaɗai ce wurin iyayenta. Da mahaifinta ya rasu a 1928, gidan ya tsallake ta ya tafi hannun baffanta Charles. Bayan shekara biyu ta sayi wani kango a Sissinghurst, a can Kent ɗin, ita da mijinta suka shiga share shi suna dasa furanni.