Taron Urushalima da Batun Ceto

Taron Urushalima zama ne da shugabannin Kiristoci na farko suka yi wajen shekara ta 49 ko 50 Miladiyya, don warware tambaya ɗaya: wanda ba Bayahude ba, in ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, dole ne sai ya yi kaciya ya bi Shari'ar Musa kafin ya sami ceto? Labarin yana cikin Ayyukan Manzanni, sura 15, kuma masana da yawa suna ganin wannan zaman ne manzo Bulus ya ambata a sura 2 ta wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa.

Gardamar ta tashi ne a Antakiya, garin da yanzu yake kudancin Turkiyya. A can Yahudawa da Helenawa suke ibada tare, suna cin abinci tare. Sai wasu suka zo daga Yahudiya suna cewa marar kaciya ba shi da ceto. Kada a ɗauke su masu neman fitina kawai: Yesu da manzanninsa duk Yahudawa ne, kaciya kuwa alama ce ta alkawarin Allah da Ibrahim. A idonsu, barinta yanke kai ne daga tushe.

Aka aiki Bulus da Barnaba Urushalima. Manzo Bitrus ya tuna wa taron cewa Allah ya ba al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, Ruhu Mai Tsarki ba tare da kaciya ba, ya ce da Bayahude da wanda ba shi ba, ta alherin Ubangiji Yesu ake samun ceto. Yakubu, jagoran ikilisiyar Urushalima, ya yanke magana: ba za a tilasta musu kaciya ba, amma su guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da maƙararriyar dabba, da fasikanci. Uku daga cikin huɗun nan maganar abinci ce, abin da ya nuna an yi tunanin yadda za a iya sa hannu a ƙwarya ɗaya. Duk da haka Bulus ya ba da labarin ranar da ya tsauta wa Bitrus a gaban jama'a a Antakiya, don ya janye daga cin abinci da al'ummai.

Bulus ne ya zurfafa hujjar. Ya ce Ibrahim ya ba da gaskiya, aka lissafa masa ita adalci tun kafin a yi masa kaciya, Shari'a kuma ta zo shekara 430 bayan alkawarin. Ya kwatanta ta da bawan da yake kula da yaro har ya girma. Alheri a wurinsa kyauta ce da ba a biya da aiki, bangaskiya kuwa ita ce karɓarta. Amma bai ce a zubar da halin kirki ba. Ya kira Shari'a mai tsarki, ya ce ƙaunar maƙwabci ita ce cikarta. Wasiƙar Yakubu ta ja kunne daga ɗaya gefen: bangaskiya ba tare da aiki ba matacciya ce.

Maganar ba ta mutu a nan ba. Ebiyonawa, wata ƙungiya ta Yahudawa mabiya Yesu, suka ci gaba da riƙe Shari'a, suka ƙi Bulus. Wani malami mai suna Markiyon ya bi akasin haka, ya yi watsi da Tsohon Alkawari ɗungurungum, ikilisiyar Roma ta kore shi wajen shekara ta 144. Daga baya tambayar ta sake salo: mutum zai iya bin umarnin Allah da ƙarfin kansa? Wani malami mai suna Felajiyus ya ce Allah ya halicci mutum da wannan iko. Agustin, bishop na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, ya ce ko niyyar yin aikin kirki ma daga Allah take zuwa. Taron Kartaj na shekarar 418 ya la'anci koyarwar Felajiyus, taron Afisa na 431 ya tabbatar da hukuncin.