Sankarar maƙogwaro

Sankarar maƙogwaro ciwon daji ne da ke tsirowa a akwatin murya, wato sashen da ke saman bututun iska, inda igiyoyin murya suke. Fiye da kashi 90 cikin 100 nata daga fatar da ta lulluɓe cikin maƙogwaron take farawa. Shan taba ne babban sanadinta, sai giya, kuma haɗa su biyun yana ninka haɗarin. Ta fi kama maza, musamman waɗanda suka haura shekara 55.

Inda ƙarin ya fito shi ke nuna yadda cutar za ta bayyana. In a kan igiyoyin murya ne, murya takan dushe tun ƙarin yana ɗan mitsitsi, kuma ba ya saurin yaɗuwa. Wanda ya fito a samansu kuwa yakan daɗe a ɓoye, sai an ga kaluluwa a wuya, ko haɗiya ta yi wuya, ko kunne ya riƙa ciwo. Shi ya sa duk dushewar muryar da ta wuce mako 3 ake so likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya duba ta. Abin takaici, mutane da yawa sukan ɗauka mura ce, har numfashi ya fara toshewa.

Likita yana zura siririn bututu mai kyamara ta hanci ya ga wurin. Amma ba a tabbatarwa sai an yanko ɗan tsoka an auna. Hoton CT ko MRI ke nuna iyakar yaɗuwarta.

In an gano da wuri, ana cire ƙarin da hasken leza ta baki, ko a yi gashi da haske na kimanin mako 6, kuma yawanci a warke da murya. In ta yi nisa, akan haɗa gashin da wani maganin ciwon daji mai suna cisplatin don a ceci akwatin muryar. In hakan bai yiwu ba, sai a cire shi gaba ɗaya, tiyatar da likitan fiɗa Theodor Billroth ya fara yi a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1873. Daga nan mutum zai riƙa numfashi ta kafar da aka buɗe masa a wuya. Magana kan dawo ta hanyar ɗan bawul da ake sakawa tsakanin bututun iska da na abinci, ko na'urar da ake kangawa a wuya, tare da horon masanin gyaran magana. Mai ci gaba da shan taba bayan magani ya fi fuskantar dawowar cutar.