Amfili mai tsada a Damagaram: tambayoyin da ƙanena ya yi min

Ƙanena ya gama gyaran falonsa a Sabon Gari, ya tara kuɗi zai sayi amfili, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, na gaske, irin wanda ake zama a saurara. Ya zo min da tambayoyi bayan sallar isha'i, ga su nan da amsoshin da na ba shi.

Yaya, mene ne haɗaɗɗen amfili?

Akwati ɗaya ne mai aiki biyu. Sashe na farko shi ke zaɓar inda sauti zai fito, CD ko waya ko faifai, ya daidaita ƙararsa. Na biyu shi ke ba sifika ƙarfin motsi. Masu hali kan raba su akwati biyu, amma kamfanoni irin su Luxman na Japan, wanda aka kafa a 1925, da McIntosh na Amurka, na 1949, suna yin haɗaɗɗun da ba su da abin kunya.

Wat nawa zan nema?

Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Duk inda ka ga an rubuta PMPO, wato ƙarfin ɗan ƙiftawar ido, da dubban wat, ka wuce. Abin dubawa shi ne ƙarfin da yake iya riƙewa ba yankewa, wato RMS, a kowane ɓangare, hagu da dama, kan sifika mai ohm 8 da kuma mai ohm 4 (ohm shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wuta). In ƙarfin ya ƙaru sosai a kan ohm 4, alama ce taransifomarsa na da ƙashi.

Sannan ka dubi sifikarka. Mai 87 dB, wato ma'aunin ƙarar sauti, tana ba da wannan ƙarar ne da wat ɗaya tak, in kana tazarar mita ɗaya. Kowane ƙarin 3 dB sai an ninka wat. Don haka daga wat 50 zuwa 100, ɗan abin da kunne zai ji ƙalilan ne. A falo irin naka, wat 60 zuwa 100 na gaskiya sun ishe ka har ka bar saura.

Na ji ana yabon Class A. Shi zan saya?

A nan nake so ka natsu. Class A, ɗaya daga cikin tsare-tsaren ƙera amfili, sautinsa na da daɗi, ban musa ba, amma kullum a buɗe yake yana shan wuta ko ana kiɗa ko ba a yi, kuma mafi yawan abin da ya sha zafi yake zama. An ƙera shi ne ana tunanin ɗaki mai sanyi. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40. Na taɓa ɗora hannu kan irinsa a gidan wani aboki da la'asar, fanka na juyawa, ban iya barin tafina a kai ba. Zafi shi ke busar da kondansatan ciki, ya rage wa na'ura kwana. Haka ma amfili mai fitilu, wato kwalaben tube irin na tsohuwar rediyo, ga shi fitilun sai an yi odarsu daga waje.

Ni dai Class AB zan ce maka, irin na Yamaha ko Marantz ko Hegel na Norway. In da sola da batir kake aiki, ka dubi Class D, wanda kusan kashi 90 na wutar da ya ja ke isa ga sifika, da ƙyar yake ɗumi. Kamfanin NAD na yin masu kyau.

Wani ya ce zai kawo min na hannu daga Japan da araha.

Ka sa ya ɗauko maka hoton bayansa tukuna. Kuranmu, wato wutar lantarkinmu, 220 V ne. Na cikin gida a Japan 100 V ne, na Amurka 120 V. Ka jona shi kai tsaye, ya ƙone nan take. Ana iya amfani da taransifoma mai rage wuta, amma na fi so ka nemi wanda aka yi wa Turai, mai 230 V. Ka kuma tambayi kanka wa zai gyara shi a garin nan in ya samu matsala. Amfilin da mai gyara a Zango ko Kano zai buɗe ya gane cikinsa ya fi min wanda sai an mayar Faransa.

To kuran fa?

Ka ware kuɗin regilata, wato na'urar daidaita wuta, mai kyau tun kafin ka biya na amfili, wanda ya fi ƙarfin abin da amfilin ke ja, mai jinkirta sakin wuta in ta dawo. Dawowar wuta ta fi ɗaukewarta ɓarna. Da damina in hadari ya taso da walƙiya, zare filogi gaba ɗaya. Lokacin hunturu kuma ƙura na shiga ta ramukan sama, har makunnin ƙara ya fara ƙaraf-ƙaraf in an murɗa. Ka riƙa rufe shi da ƙyalle bayan ya huce, ba yana aiki ba, ka bar masa sarari kamar taki ɗaya a sama.

Dole ne ya zama da Bluetooth?

A'a. Wannan sashen shi ke saurin tsufa, kuma ana sayensa daban a jona.

Yaya zan gwada shi?

Tafi da abin da kunnenka ya riga ya sani: karatun da kake ji kowace safiya, ko kiɗan gurmi, ko algaita irin ta ƙofar fada a Birni. Kada ka bari mai sayarwa ya ƙure ƙara, don komai na burgewa in an ƙure. Rage shi ƙasa, yadda za ka saurara da dare yara na barci. In har kana jin numfashin mai karatu da yatsa na taɓa tsirkiya, na'urar ta yi. Ka kuma tsayar da kiɗan, ka kara kunne a jikin sifika ka ji ko akwai gunji. In da hali, ka roƙi a bar ka ka jona shi da sifikunka a falonka na kwana biyu kafin ka biya.